Tallafin korona ga manoman Amurka: yadda aka raba shi a gundumar Cherry

A shekarun 2020 da 2021, gwamnatin Amurka ta biya manoma da makiyayan ƙasar kimanin dala miliyan dubu 31, wato biliyan 31, domin rage musu hasarar da annobar korona ta jawo.

An raba kuɗin ne a ƙarƙashin wani shiri na ma'aikatar noma wanda aka fi sani da CFAP a taƙaice. Manoma da kamfanonin noma fiye da dubu 960 ne suka amfana, kamar yadda ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya bayyana a shekarar 2022.

A birnin Washington aka tsara ƙa'idojin shirin, amma a ƙananan ofisoshin noma na gundumomi aka cike takardun neman tallafin, aka kuma amince da su.

Abin da kowane manomi ya samu ya danganta ne ga abubuwa uku: yawan abin da yake nomawa ko kiwo, da ranar da ya sayar da shi, da kuma ko yana da rajista a ofishin gundumarsa. Gundumar Cherry da ke jihar Nebraska, wadda kiwon shanu ne babbar sana'arta, ta nuna yadda waɗannan ƙa'idoji suka yi aiki a karkara.

Ita dai gundumar Cherry

Gunduma a Amurka yanki ne na mulki da ke ƙarƙashin jiha, kusan daidai da ƙaramar hukuma. Akwai fiye da 3,000 a faɗin ƙasar, 93 daga cikinsu a jihar Nebraska.

Gundumar Cherry tana arewacin jihar ne, a kan iyaka da jihar Dakota ta Kudu, kuma ita ce mafi faɗin ƙasa a Nebraska, da murabba'in kilomita kimanin dubu 15 da 500. Amma a ƙidayar shekarar 2020 mutanenta ba su kai 5,500 ba, kusan rabinsu a garin Valentine, hedikwatar gundumar.

Yawancin ƙasar tuddan rairayi ne da ciyawa ta lulluɓe. Ba ta yi wa garma kyau, domin da zarar an tone ta iska kan kwashe rairayin, amma tana da albarkar kiwo da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ne gundumar ta daɗe tana kan gaba a duk Amurka wajen yawan shanun haihuwa na nama, waɗanda suka haura dubu 150.

Makiyayan yankin suna da manyan gandaye masu shinge. Shanunsu kan haihu ne galibi tsakanin watannin Maris da Mayu, maruƙan su yi kiwo tare da iyayensu har zuwa watan Oktoba ko Nuwamba, sannan a yaye su a sayar a kasuwar gwanjo. Wasu kan riƙe nasu har cikin hunturu kafin su sayar.

Daga nan maruƙan kan koma hannun masu turka, waɗanda ke ciyar da su masara na tsawon watanni har su yi ƙiba, sannan su sayar wa manyan mayankai. Wato makiyayin Cherry yana farkon sarƙar cinikin ne, kuma duk abin da ya taɓa mayanka a ƙarshenta sai ya dawo kansa.

Yadda annobar ta taɓa kasuwa

A ranar 13 ga watan Maris na 2020, shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya kafa dokar ta-ɓaci saboda cutar. Cikin 'yan makonni aka rufe makarantu da otal-otal da gidajen cin abinci, waɗanda su ne manyan masu sayen nama da madara da kayan lambu.

Masana'antun da suka saba haɗa abinci a manyan mazubai domin waɗannan wurare ba su iya komawa haɗa na kantuna cikin gaggawa ba. Wata babbar ƙungiyar masu samar da madara ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu ana zubar da madarar da ta kai lita miliyan 14 a kowace rana. Haka kuma, da mutane suka daina tafiye-tafiye, buƙatar sinadarin itanol da ake yi da masara ana gauraya shi da man fetur ta ragu, farashin masara ya faɗi.

Ga masu shanu kuwa, babbar matsalar ta taso ne daga mayankai. Kamfanoni huɗu, wato Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ne ke yanka kimanin kashi 85 cikin 100 na shanun turka a ƙasar, a wasu manyan masana'antu inda dubban ma'aikata ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa.

Cutar ta yaɗu da sauri a cikin waɗannan masana'antu. A watan Afrilu aka rufe mayankar JBS da ke Greeley a jihar Colorado na wani lokaci, kuma a farkon watan Mayu mayankar Tyson da ke Dakota City da ta Cargill da ke Schuyler, dukkansu a Nebraska, suka dakatar da aiki na 'yan kwanaki.

Yawan shanun da ake yankawa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. An ƙiyasta cewa kusan shanu miliyan 1 da suka isa yanka suka maƙale a wuraren turka, suna cin abinci ba tare da mai saye ba.

Sai aka wayi gari farashin nama a kasuwa ya yi tashin da bai taɓa yi ba, yayin da farashin shanu a tsaye ke faɗuwa. Mai turka da bai sayar da abin da ke hannunsa ba, ba shi da wurin zuba sababbin maruƙa, don haka farashin maruƙa ma ya bi baya.

Wani nazari da masana tattalin arzikin noma suka yi wa ƙungiyar masu kiwon shanu ta ƙasa a watan Afrilun 2020 ya ƙiyasta hasarar wannan fanni a kan dala miliyan dubu 13.6.

Inda kuɗin ya fito

A ranar 27 ga watan Maris na 2020 aka sa hannu kan dokar agajin gaggawa ta CARES, ta fiye da dala tiriliyan 2, wadda ta ware wa ma'aikatar noma dala miliyan dubu 9.5 domin manoma.

Ma'aikatar ta ƙara dala miliyan dubu 6.5 daga asusun hukumar CCC, wata hukumar gwamnati da aka kafa a 1933, wadda doka ta ba ta damar karɓar rancen da ya kai dala miliyan dubu 30 daga baitulmali domin tallafa wa farashin amfanin gona.

A ranar 17 ga watan Afrilu, Shugaba Trump da sakataren harkokin noma Sonny Perdue suka sanar da shirin: dala miliyan dubu 16 da za a biya manoma kai tsaye, da wasu miliyan dubu 3 na sayen nama da madara da kayan lambu a raba wa mabuƙata. Wannan ɓangare na biyu ya raba kwalayen abinci fiye da miliyan 170 kafin a rufe shi a watan Mayun 2021.

Ba wannan ne karo na farko da aka yi amfani da asusun CCC ta wannan hanya ba. A 2018 da 2019 an biya manoma kimanin dala miliyan dubu 23 daga cikinsa, saboda hasarar da rikicin ciniki da ƙasar China ya jawo musu.

Ofishin gunduma

Hukumar kula da gonaki ta ma'aikatar noma, FSA, ita aka ɗora wa alhakin rabon. Tana da ofisoshi fiye da 2,000 a gundumomin ƙasar, ciki har da wanda ke garin Valentine.

Tsarin ya samo asali ne tun shekarun 1930, lokacin gwamnatin Franklin Roosevelt. Kowane ofishi yana aiki tare da kwamitin gunduma mai mambobi 3 zuwa 11, waɗanda manoman yankin ke zaɓa daga cikinsu na wa'adin shekaru uku. A ofishin ne ake ajiye bayanan kowace gona: sunan mai ita, da faɗinta, da abin da ake shukawa, da asusun bankin da ake biyansa ta ciki.

Wannan rajista ce ta sa aka iya fara biya cikin sauri. An buɗe karɓar takardu ranar 26 ga watan Mayun 2020, kuma a farkon watan Yuni kuɗi suka fara shiga asusun manoma. Da yake an hana shiga ofisoshin saboda cutar, yawancin aikin ta wayar tarho da intanet da gidan waya aka yi shi.

Manomi shi ne ke rubuta yawan abin da ya sayar da abin da ke hannunsa, ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Ba a buƙaci ya kawo rasidi a lokacin ba, amma an gargaɗe shi ya ajiye shaidunsa domin ana iya bincikarsa daga baya.

An fara biyan kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya cancanta, don gudun kada kuɗin ya ƙare, sannan aka cika ragowar daga watan Agusta. An rufe wannan zagaye na farko ranar 11 ga watan Satumba.

Akwai iyakoki biyu. Mutum ɗaya ba zai karɓi fiye da dala dubu 250 ba, amma kamfani zai iya karɓar har dubu 750 idan masu hannun jari uku suna aikin gonar da kansu na aƙalla sa'o'i 400 kowannensu. Haka kuma wanda kuɗin shigarsa ya haura dala dubu 900 a shekara ba ya cikin shirin, sai fa idan kashi 75 cikin 100 na kuɗin daga noma ko kiwo yake fitowa.

Lissafin kan saniya

A zagayen farko an raba biyan masu shanu gida biyu.

Na ɗaya, an biya kan dabbobin da aka sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilun 2020: dala 214 kan kowane san turka da ya isa yanka, dala 139 kan maraƙin da ya kai kimanin kilo 270, dala 102 kan wanda bai kai ba, da dala 92 kan tsohuwar saniyar da aka sayar domin yanka.

Na biyu, an biya dala 33 kan kowane kai, bisa yawan shanun da mutum ya mallaka a ranar da garkensa ya fi yawa tsakanin 16 ga Afrilu da 14 ga Mayu.

A nan ne ƙorafin makiyaya ya taso. Mafi munin faɗuwar kasuwa ta zo ne a ƙarshen Afrilu da cikin Mayu, lokacin da mayankai suka tsaya, wato bayan an rufe wa'adin farko. Wanda ya sayar da san turka ranar 15 ga Afrilu ya samu dala 214, wanda kuwa ya sayar bayan mako ɗaya, da farashi mafi muni, dala 33 ya samu.

Ga makiyayin irin na Cherry, wa'adin bai dace da kalandar sana'arsa ba. A misali, mai shanun haihuwa 300 da sababbin maruƙa 300, wanda ya riga ya sayar da maruƙan bara tun watan Nuwamba, zai karɓi dala 19,800 ne. Mai turka da ya sayar da shanu 600 kafin 15 ga Afrilu kuwa zai karɓi dala 128,400. Makiyayan da suka riƙe maruƙansu suka sayar a watan Fabrairu ko Maris su ne suka fi samu a yankin.

Jami'an ma'aikatar sun kafa hujja da cewa mai turka ya riga ya tabbatar da hasararsa a ranar da ya sayar, shi kuwa mai shanun haihuwa yana da watanni a gabansa da farashi zai iya farfaɗowa. Ƙungiyoyin makiyaya da wasu 'yan majalisa daga jihohin kiwo sun nemi a tsawaita wa'adin.

Zagaye na biyu da ciko

A watan Satumban 2020, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa, Mista Trump ya sanar da zagaye na biyu na kuɗin da zai kai dala miliyan dubu 14, a wurin wani gangamin yaƙin neman zaɓe a jihar Wisconsin. 'Yan jam'iyyar Democrat sun zarge shi da amfani da kuɗin gwamnati wajen neman ƙuri'un karkara. An karɓi takardu daga 21 ga Satumba zuwa 11 ga Disamba.

A wannan karo an sauƙaƙa lissafin: dala 55 kan kowane kai, bisa yawan garke tsakanin 16 ga Afrilu da 31 ga Agusta. Sai dai an cire shanun haihuwa da bijiman barbara daga ƙidayar, waɗanda su ne jarin makiyayin Cherry. Mai garken misalin da aka kawo a sama zai karɓi dala 16,500 ne kan maruƙansa 300 kaɗai.

A ƙarshen watan Disamban 2020 majalisar dokoki ta zartar da wata dokar kasafi wadda ta umurci a yi wa masu shanu ciko, a kuma biya masu noman hatsi dala 20 kan kowace eka.

Gwamnatin Joe Biden ce ta aiwatar da wannan daga watan Afrilun 2021. An ƙara dala 63 kan kowane san turka da ya isa yanka, dala 7 kan ƙaramin maraƙi, da dala 17.25 kan sauran shanu irin su na haihuwa. Ma'aikatar ta ce cikon zai haura dala miliyan dubu 1 ga masu shanu fiye da dubu 400, ba tare da sun sake cike takarda ba.

An kuma sake buɗe zagaye na biyu domin waɗanda ba su samu labari ba ko ba su da rajista, kafin a rufe shi baki ɗaya ranar 12 ga watan Oktoban 2021.

Wa ya fi amfana?

Bisa alƙaluman GAO, masu noman hatsi da sauran amfanin gona irin su masara da waken soya da auduga sun karɓi kimanin dala miliyan dubu 13.8, masu dabbobi miliyan dubu 9.8, masu madara miliyan dubu 3, ragowar kuma ta tafi ga masu kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da makamantansu.

Idan aka haɗa da sauran shirye-shirye, kuɗin da gwamnatin tarayya ta biya manoma kai tsaye a 2020 ya haura dala miliyan dubu 45, wanda ya zarce kashi ɗaya cikin uku na ribar noma a wannan shekara.

Tun da ana biya ne kan kowane kai ko kowace eka, mai yawa shi ya fi samu. Sakataren noma na gwamnatin Biden, Tom Vilsack, ya faɗa wa jaridar Washington Post a watan Maris na 2021 cewa kashi 10 cikin 100 na manoman da ke sama sun kwashi kashi 60 cikin 100 na kuɗin, yayin da manoma baƙar fata suka samu kashi 0.1 cikin 100 kacal.

Masu kare shirin suna cewa manufarsa ita ce rama hasarar kasuwa, kuma wanda ya fi yawan kaya shi ya fi yin hasara. Masu sukarsa kuwa suna cewa babban manomi yana da jari da damar rance da zai jure shekara guda mai wuya, kuma kuɗin ya ƙara masa ƙarfin saye filayen maƙwabtansa.

Batun rajistar ma yana da tarihi. Manoma baƙar fata sun daɗe suna zargin ofisoshin gundumomi da nuna musu wariya wajen ba da rance, abin da ya kai ga shari'ar Pigford wadda aka sasanta a 1999. Da dama daga cikin ƙananan manoma ba su da wata hulɗa da waɗannan ofisoshi lokacin da annobar ta zo.

A watan Maris na 2021 majalisa ta amince a yafe bashin gwamnati da ke kan manoma daga ƙabilu marasa rinjaye, kimanin dala miliyan dubu 4. Wasu manoma farar fata sun kai ƙara cewa an nuna musu bambanci, kotuna suka dakatar da biyan, kuma a watan Agustan 2022 aka soke tanadin, aka maye gurbinsa da taimako ga duk manomin da bashi ya yi wa katutu da wanda ya fuskanci wariya, ba tare da la'akari da launin fata ba.

Su kuwa ma'aikatan mayankai ba sa cikin shirin CFAP, domin ba su da gona ko garke. Wani kwamitin majalisar wakilai ya gano cewa aƙalla ma'aikata dubu 59 na manyan kamfanonin nama biyar ne suka kamu da cutar a shekarar farko, 269 kuma suka mutu. Sai a watan Satumban 2021 ma'aikatar noma ta sanar da wani shiri na biyan ma'aikatan gona da na mayankai dala 600 kowannensu, sau ɗaya.

Binciken da ya biyo baya

Dogaro da kalmar manomi ya hanzarta biya, amma ya bar ƙofa ga kuskure da maguɗi. Ofishin GAO ya zaɓi manoma 90 waɗanda yake ganin akwai alamar tambaya a takardunsu, ya nemi shaidu, kuma fiye da rabinsu ba su kawo abin da ya tabbatar da kuɗin da suka karɓa ba. Ofishin ya jaddada cewa ba za a auna dukkan manoma da wannan rukuni ba, amma ya shawarci hukumar FSA ta tsaurara bincikenta.

A watan Yulin 2020 ma'aikatar noma ta fitar da rahoto kan tazarar da aka samu tsakanin farashin nama da na shanu, wadda ta kai matsayin da ba a taɓa gani ba a watan Mayu. A watan Janairun 2022 gwamnatin Biden ta ware dala miliyan dubu 1 domin faɗaɗa ƙanana da matsakaitan mayankai, saboda rage dogaro da kamfanonin huɗu.

A gundumomin kiwo irin su Cherry, farashin maruƙa ya fara farfaɗowa bayan mayankai sun koma aiki. Daga baya kuma fari ya addabi jihohin tsakiya da yammacin ƙasar a 2021 da 2022, ya tilasta wa makiyaya da yawa rage garkunansu. A farkon 2024 yawan shanun Amurka ya sauka zuwa kimanin miliyan 87, mafi ƙaranci tun 1951, abin da ya sa farashinsu ya yi tsada ƙwarai.

A ranar 11 ga watan Mayun 2023 ne gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen dokar ta-ɓacin lafiya da aka kafa saboda annobar.